Tsokar da Barau Ya Yanke

A wani ƙauye gabas da Yekuwa, a shekarun da Nasara sai dai a ji labarinsu a bakin fatake, an yi wani mahauci mai suna Barau. Mutum ne marar yawan magana, ga taurin kai, amma in dai nama ne ba a ja da shi. Daga nesa yake jin warin naman da ya fara juyawa, tun masu shi suna rantsuwa da safen nan aka yanka. In ya ga tsoka ta yi baƙi, ba ya tsayawa shawara. Zai bi ta da wuƙa ya yanke ya jefa wa angulu, ko da rabin cinya ce.

Ɗansa na fari shi ne Ɗanliti. To, ɗan fari ka san yadda ake yi da shi. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa, ba ya zama inda yake. Wasu iyayen sukan sassauta in yaro ya girma, amma Barau ya riƙe abin nan kamar da shi aka halicce shi. Uwar yaron ta rasu yana rarrafe, sai yayar Barau, Tata, ta goya shi ta raine shi. Har Ɗanliti ya yi gemu ya yi aure, ubansa bai taɓa ɗora masa hannu a ka ba. In zai aike shi, sai ya dubi danga ya ce, "A ce wa wancan ya je Mallawa ya koro bijimi." Ɗanliti kuwa yana tsaye a gabansa, sai ya durƙusa ya ce to.

Kada ka ce ba ya son sa. Yana son sa ƙwarai, har abin kan ba shi tsoro. Ɗanliti ne mai kayar wa mahauta da sa ranar kasuwa. In ya kafa duga-dugansa a ƙasa ya riƙe ƙaho, sai ka ga sha-raɓarsa, wato tsokar bayan ƙwauri, ta murɗe ta tashi kamar an cusa goran duma a ciki. Masu kalangu su yi ta kiɗa, mata su yi ta guɗa, Barau kuwa ya duƙufa yana wasa wuƙar da tun ɗazu ta yi kaifi. Da gefen ido yake kallo, ya ɗauka ba wanda ya sani, alhali duk kasuwa ta sani.

Da kaka abin ya faru, ana kwasar harawa a gona. Ɗanliti ya sa ƙafa zai tura wani tari, ashe kasa ce kwance a ƙarƙashi, maciji mai kauri da ba ya gudu, sai ya jira a taka shi. Ta sare shi a sha-raɓar dama. Aka ɗauko shi a kan ƙofar kara, aka kwantar da shi a rumfa bayan danga, don a garin nan ba a shigar da wanda maciji ya sara cikin gida, wai idon mutane na tayar da dafi. Aka kira Wada mai maganin sara. Ya ɗaure ƙafar a ƙarƙashin gwiwa, ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya ba shi jiƙo ya yi ta amai. Da rai ya tsaya a jiki, Wada ya kwance ɗaurin ya ce saura sai abin da Allah ya yi.

Barau bai leƙa rumfar ba. Bai ma tambaya ba. Mutane na zuwa yi masa jaje, yana cewa, "Ai da sauƙi," alhali bai san ko da sauƙin ba. Yakan zauna ta cikin danga daidai inda rumfar take, wai yana gyaran igiya, yana kasa kunne. Abinci kuwa ya daina wuce masa.

Ana nan sai wata hantsi iska ta juyo daga bayan danga, Barau ya ajiye igiyar. Warin nan ya san shi, ya fi sanin sa da muryar ɗansa. Ya zauna jim kaɗan yana jiran iska ta sake juyowa ta ƙaryata shi. Ta juyo, ba ta ƙaryata shi ba. Ya miƙe ya zagaya ya shiga rumfar, abin da ya sa Tata ta saki ludayin da ke hannunta.

Ya ce, "Yaya, buɗe ƙafar."

Ta buɗe. Barau ya yi shekaru yana ganin cikin dabba, bai taɓa kau da kai ba, amma a nan sai da ya dafa ginshiƙin rumfa. Ƙafar ta kumbura ta kai turmi ƙarami. Fata ta tsage daga inda haƙoran suka shiga, ta wage baki, ruwa na tsattsafowa. Abin da ke cikin tsagar kuwa ba ya kama da jikin mutum. Nama ne, nama irin wanda yake jefa wa angulu, wani wuri toka-toka, wani wuri baƙi wuluk. Kansa ya yi dum. Duk rayuwarsa bai taɓa kawo wa ransa cewa abin da ke ƙarƙashin fatar ɗansa da abin da ke kan tabarmar fawarsa iri ɗaya ne ba.

Aka sake kiran Wada. Ya zo ya duba ya girgiza kai, ya ce, "Ni dafi na sani, Barau, na kuwa kashe shi. Wannan ruɓa ce. In ta hau cinya ba sauran magana. Na taɓa ganin an sare wa wani ƙafa a Waca, ya rayu."

Barau ya ce, "Ba za a sare ba."

"To, me za a yi?"

Barau ya miƙe. Ya koma gida ya ɗauko ƙaramar wuƙarsa ta fiɗa, ya wasa ta, ya sa ta a wuta har ta yi ja, ya bari ta huce. Hankalinsa a lokacin nan ya tsaya a kan abu ɗaya. Ruɓaɓɓen nama in aka bar shi jikin mai kyau, cinye shi yake yi. In aka yanke shi da wuri, saura ya tsira. Haka yake a cinyar sa, to me zai hana ya zama haka a ƙafar mutum? Kuma mataccen nama ba ya jin zafi. Saboda haka ma'auninsa a hannu yake. Zai yi ta yanka muddin yaron bai ji ba, inda ya ji kuwa, nan rai ya fara, nan wuƙa za ta tsaya. Wallahi dabara ce mai kyau, ba wanda zai ji ta ya kushe.

Ya dawo rumfa. Aka kifa Ɗanliti rubda ciki, Tata ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta. Barau ya durƙusa, kuma don kada ya haɗa ido da ɗan fari, sai ya juya wa fuskar baya, ya fuskanci ƙafar kawai. Ya sa hannun hagu ya riƙe ƙwaurin. Jikin ya yi zafi kamar tukunya. Wannan ita ce taɓawar farko tun ranar suna, su ukun kuwa duk sun san haka.

Barau ya dubi rufin rumfa ya ce, "In an ji zafi a faɗa."

Daga bayansa Ɗanliti ya ce, "To, Baba."

Ya yi bisimilla ya sa wuƙa. Toka-tokan nan ya fita ba wuya, yana saɓulewa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Shiru. Ya zuba a ƙwaryar da ke gefe. Ya isa ga baƙin, wanda ya fi tauri, jini ya kwanta a cikinsa ya daskare. Ya ɗan tsaya, ya kasa kunne, ya yanka. Shiru. Ƙafar ta ɗan girgiza a hannunsa, ya ce a ransa zazzaɓi ne, tun shigowarsa jikin ke rawa. Jini ya fito baƙi, ba ja ba. Ya ƙara yanka.

Bai taɓa roƙon Allah abu irin wannan ba, amma ran nan ya roƙa. Ya roƙa ya ji ɗansa ya yi ihu. Kowane yanka sai ya ɗaga wuƙa ya jira, ba abin da yake ji sai numfashi da kukan kurciya a kan gawo. Tsoro ya kama shi na gaske. Ashe ruɓar ta yi nisa haka? Ashe duk wannan tsoka da ke kayar da sa ta mutu? Gumi na zuba masa a ido, yana sharewa da kafaɗa, yana bin baƙin nan ƙasa-ƙasa har ya hango farin agara, jijiyar nan da ke riƙe da diddige. Ƙwarya ta yi nauyi.

Saura wani ɓangare a sama, kusa da bayan gwiwa, shi ma baƙi kamar sauran. Ya kai wuƙa sai ya ji jijiyar jini na bugawa a ƙarƙashin yatsansa, ya janye wuƙar. Ya ce a ransa gobe ya ƙarasa. Ya wanke ramin da ruwan bagaruwa, ya cika shi da zuma, ya rufe da ganye. Ya ɗauki ƙwaryar ya fita ba tare da ya waiwaya ba, ya haƙa rami a gindin gawo ya binne abin da ke ciki. Hannun mahauci ba ya mance nauyi, nauyin ƙwaryar nan kuwa ya zauna masa a hannu.

Goben bai koma ba. Jibi ma haka. Yakan ɗauki wuƙa ya kai bakin danga, ƙafafunsa su ƙi. Yana zagin kansa da rago, yana jiran warin ya dawo. Warin bai dawo ba. Zazzaɓi ya sauka, kumburi ya soma saɓewa, Tata na wanki tana sa zuma safe da yamma. Gari ya ɗauka, ana cewa Barau ya ƙwato ƙafar ɗansa daga bakin kabari. Wada da kansa ya zo ya yi masa barka.

Da aka kwana biyu Tata ta matsa masa ya zo ya ga ikon Allah. Ya je ya tsaya daga bakin rumfa, ta yaye ganyen. Ramin ya yi ja, sabon nama na tsirowa ƙwaya-ƙwaya daga ƙasa, abin sha'awa. Amma idon Barau ba can ya tsaya ba. Ɓangaren nan na sama da ya bari, baƙin da ya rantse a ransa matacce ne, ya washe. Ya koma ja, ya ciko, har da Ɗanliti ya motsa yatsu sai ya ga wurin ya ɗan harba.

Barau ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya. A tabarmar fawa nama in ya yi baƙi ya tafi ke nan, bai taɓa ganin ya dawo ba. To, amma naman tabarma ba shi da mai shi a raye. Ya tsaya yana kallon wurin har Tata ta ce, "Lafiya?" Ya ce lafiya lau. A hanya ya yi ta lallashin kansa. Wannan ɓangaren dabam ne, yana kusa da jijiyar jini. Wanda ya yanke kuwa ai yaron bai ji ba, da ya ji da ya faɗa. Da wannan maganar ya samu ya ci tuwo ran nan.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Ramin ya rufe, amma ba da tsoka ya cika ba. Wani farin tabo ne mai tauri ya shafe wurin, ya tattare, ya ja agara sama. Sha-raɓar da ake kiɗa wa kalangu ta zama ɗan dunƙule a sama, ƙasa kuma fata manne da ƙashi. Ran da Ɗanliti ya miƙe da sanda, diddigensa na dama ya ƙi taɓa ƙasa. Aka shafa man shanu, aka gasa, aka ja, ya ƙi. A kan yatsu yake takawa. Kowa ya san ba zai ƙara kafa ƙafa gaban sa ba, amma ba wanda ya faɗa, ana ta cewa ai an gode Allah da ƙafa na nan.

Barau ya yanka rago ya yi sadaka. Da la'asar aka taru a ƙofar gida, mahauta da maƙwabta da Wada, mata kuma daga cikin zaure suna leƙe. Ɗanliti ya fito yana ɗingishi ya zauna can gefe, nesa da ubansa kamar yadda ya saba. Ana ci ana yaba wa Barau, yana sunkuyar da kai. Sai Tata, da yake tsohuwa ce ba mai hana ta magana gaban maza, ta fito da ƙwaryar fura ta ce ita fa ba ta yarda a yi ta yabon mai wuƙa a mance da wanda aka yanka ba.

Ta ce, "Ku ba ku ga abin da na gani ba. Ni na riƙe kansa. Namiji ke nan, ɗan da na goya. Ana yankan naman jikinsa, ko uffan bai ce ba. Ya cusa bakin zanena a baki ya tauna har ya huda shi. Hawaye ya jiƙa mini cinya sharkaf. Ku dubi nan."

Ta miƙa hannu ta juya wuyan hannun. Ga tabon farce nan a jere, sun yi fari a kan baƙar fata.

"Tun wuƙa ba ta yi nisa ba ya kama ni nan, bai sake ni ba har aka gama. Na ce a raina hannun nan ya karye. Amma ubansa na wurin, ya ƙi ya ba shi kunya."

Mahauta suka yi ta jinjina. Wani ya ce jini ba ya ƙarya, ɗan Barau ne. Wani ya miƙa wa Ɗanliti tsoka mafi kyau a cikin akushi.

Barau yana riƙe da loma, ba ta kai baki ba, ba ta koma akushi ba. Surutun mutane ya yi masa nisa kamar daga cikin rijiya. Ya ji nauyin ƙwaryar nan ya dawo masa a hannu, daidai yadda yake ran nan. Ya juya, a gaban kowa, ya dubi ɗansa ido da ido. Waɗanda ke kusa suka lura, magana ta soma mutuwa.

Ya ce, "Daga ina ka fara ji?"

Ɗanliti ya rasa inda zai sa kansa, don ba a taɓa yi masa magana kai tsaye haka ba. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ai ya wuce, Baba."

"Daga ina?"

"Na farkon nan ban ji ba. Mai laushin."

"Sauran fa?"

Ɗanliti ya ce a hankali, "Sauran na ji."

"Duka?"

"Duka."

Barau ya ajiye lomar a ƙasa, a cikin rairayi. Muryarsa ta fito ƙanƙanuwa, ba irin tasa ba. "Na ce in an ji a faɗa."

"Haka ka ce, Baba." Ɗanliti ya ɗan yi murmushin jin kunya, yana wasa da sandarsa. "To, ran da ka fara riƙe ni, sai in yi maka raki?"

Ba wanda ya gane abin da ke faruwa sai Wada, wanda ya ɗaga kai ya dubi ƙafar, ya dubi Barau, ya kau da ido. Tata tana tsaye da ƙwaryarta tana duban ƙanenta, tana mamakin me ta faɗa da ya sa fuskarsa ta zama haka. Barau ya buɗe baki zai yi bayani. Zai ce shirun nan shi ne ma'auninsa, zai ce baƙin nan da rai a cikinsa, da an bar shi da ya dawo kamar yadda na sama ya dawo. Ya dubi fuskar yaron, ya ga har yanzu da sauran alfahari a cikinta, na wanda ya yi abin da zai faranta wa ubansa. Sai ya rufe bakin.

Ɗanliti ya ga ubansa ya shaƙe, ya ɗauka loma ce ta tsaya masa. Ya dogara sanda ya miƙe zai ɗebo masa ruwa. Barau ya bi sawunsa da kallo a kan rairayin ƙofar gida. Na hagu cikakke, da diddige da komai. Na dama yatsu kawai.

Ya ce, "Ɗanliti."

Yaron bai waiwayo ba. Bai taɓa jin sunan da wannan murya ba, ya ɗauka wani ne cikin baƙi, ya ce yana zuwa, bari ya kai wa Baba ruwa tukuna.